Na Zama Uwa Ina Da Shekara 15

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta zo ta ɗauki tulu." In zazzaɓi ya kama ni, kakata ce mai taɓa goshina, Inna kuwa tana bakin murhu tana satar kallona. Kowa a garinmu ya san kunya ce, kuma macen da ta fi iya ɓoye son ɗan farinta ita ake yabo. Na fara da wannan ne domin rabin abin da ya same ni daga nan ya taso.

An haife ni a 1996, a wani ƙauye tsakanin Jahun da Miga a jihar Jigawa. Baba manomi ne: gero, dawa, wake, da 'yar shinkafa a fadama. Na yi firamare har aji 5, amma karatu ne na rabi da rabi. Da safe in je makaranta, da rana in ɗauki tallar dafaffiyar gyaɗa, ranar kasuwa kuwa babu zancen makaranta sam. Kuɗin tallar ba cinye su ake yi ba. Inna na zuba adashi, in ta ɗauka ta sayi kwalla da langa ta tura ƙarƙashin gado. Tun ina 'yar shekara 9 na san kayan ɗakina ake tarawa, kuma ina alfahari da hakan.

Daminar 2010 ruwa ya ci mu. Kogin Haɗeja ya tumbatsa, fadama ta nutse da shinkafarta, gidajen ƙasa suka rinƙa zubewa. Abin da Baba ya kai rumbu a kakar nan bai isa ya kai mu bazara ba. A shekarar ce kuma na fara al'ada. Na ga jini na tsorata, na ɓoye zanen a bayan ɗaki. Kakata ta gano, ta yaga mini tsumma, ta ce, "Kin girma, ki kiyayi maza." Iyakar karatun da aka yi mini a kan jikina ke nan. A garinmu abin magana ne budurwa ta yi ta al'ada a gidan ubanta, ga kuma baki ɗaya da zai ragu a kan tukunya. Magana ta haɗu.

Ina so a fahimce ni, ba auren dole aka yi mini ba. Saurayin ɗan garinmu ne, bai fi shekara 22 ba, yana zuwa zance da 'yan kuɗinsa da sabulu, kuma ba shi da mugun hali. Ƙawayena duk sun shige ɗaki. Ina son lalle, ina son atamfa, ina son in ga kwallayena a jere. Da kawuna ya tambaye ni ko ina sonsa, na rufe fuska da gyale. Amma abin da 'yar shekara 14 take so shi ne biki. Abin da ke bayan bikin babu wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata, domin daga ranar da aka kai ta ɗaki an ɗauka ta zama babba, babba kuwa ai ta san komai.

Ban san ina da ciki ba sai da facalata, matar yayan mijina, ta ga ina amai a bayan turmi. Ta yi dariya ta ce, "Amarya, an gamu." Ni kuwa na zaci shawara ce. Daga nan na shiga ɓoyewa, domin cikin fari abin kunya ne, ba a zancensa, ba a nuna gajiya. Na ci gaba da surfe da daka da ɗebo ruwa. Abinci tuwo ne da miyar kuka, sai a jima ba a ga nama ba, ƙwai kuwa cewa ake yi bai kamaci mai ciki ba. Na koma cin farar ƙasa a ɓoye. Idona ya yi fari fat, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Awo ban taɓa zuwa ba. Ba hana ni aka yi ba, zancen ne bai taso ba. Uwar mijina ta haifi 'ya'yanta duka a ɗaki, kuma a ganinta asibiti wurin mara lafiya ne, mai ciki kuwa lafiyarta ƙalau.

Da cikin ya kai wata 7 aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda aka saba yi wa mai haihuwar fari. Mijina kuma, da aka gama girbin 2011, ya tafi ci-rani Legas. Hikimar goyon ciki ita ce yarinya ta haihu kusa da uwarta. To amma ni uwata ba ta iya haɗa ido da ni, balle ta tambaye ni yaya nake jin jikina.

Ƙafafuna suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Daga nan hannuwa, zoben azurfata ya nutse cikin yatsa. Daga nan fuska: in na tashi da safe idanuna ba sa buɗuwa sosai. Tsofaffi suka duba, wata ta ce namiji ne, wata ta ce tagwaye ne, Gwaggo ta ce zaƙi ne, a hana ni rake da sukari, a ba ni jiƙo. Sai ciwon kai ya zo, irin wanda ban taɓa ji ba, tun daga goshi har ƙeya. Ina ganin wasu abubuwa na walƙiya a gabana, wani lokacin duhu ya rufe ni da rana tsaka. Saman cikina ta dama ya riƙe. Ban faɗa wa kowa ba. An sha gaya mana cewa jarumar mace ita ce wadda za ta yi naƙuda a ƙuryar ɗaki ba a ji motsinta ba sai kukan jariri, ni kuma ina so a ce da ni jaruma.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Wai da hantsi ina tankaɗe na faɗi, jikina ya sandare, na hau karkarwa, na tauna harshe har jini. Gida ya ruɗe. Aka ce iska ce. Aka kawo garwashi aka zuba hayaƙi, aka aika karɓo rubutu, wata ta cusa mini cokali a baki. Na lafa, na sake tashi. Ana cikin haka wata mata daga unguwar gabas ta shigo, ɗaya daga cikin waɗanda aka koya wa alamomin haɗari a shirin Haihuwa Lafiya na jihar. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Wannan jijjiga ce. Ku cire cokalin nan, ku kwantar da ita a gefe, a nemo mota." Gwaggo ta ce ba a kai mai iska asibiti, allura na ƙara fusata su. Matar ba ta tsaya musu da ita ba, ta fita zaure wurin Baba ta ce, "Malam, in rana ta faɗi yarinyar nan tana gidan nan, rai biyu za ku rasa." Allah ya saka wa baiwar Allah nan da Aljanna. A amalanke aka kai ni bakin titi, wani direba daga cikin 'yan ƙungiyar direbobi da suka amince su rinƙa ɗaukar masu naƙuda ya kai mu Jahun.

A Babban Asibitin Jahun, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana kula da ɓangaren haihuwa tun 2008, kuma ba a karɓar kuɗi. Da a ce sai mun biya, ban san ta inda Baba zai fara ba a irin wannan shekara. Suka auna jinina suka ga ya hau ƙwarai, suka yi mini allurar magnesiyam, wadda ita ce maganin tsayar da jijjiga, suka ce dole a ciro abin da ke cikin, domin ciwon ba ya barin mace sai an raba ta da mabiyiya. Baba ya tsaya yana jujjuya hula, ya ce matar mutum ce, ba zai sa hannu a yanka ta mijinta bai sani ba. Aka samu lambar wani ɗan garinmu a Legas, aka nemo mijina. Ya ce, "Baba, ku yi duk abin da zai cece ta." Baba ya dangwala yatsa. Kawuna ya ba da jini.

Da na farfaɗo, harshena a kumbure, ga robar fitsari, ga ciwo a mara, sai wata nas ta ce, "Sannu maijego, kin samu 'ya mace." Ban gane da ni take ba. Jaririyar ba ta kai kilo 2 ba, fatarta duk ta yamutse, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsakon da bai bushe ba. Ba ta da ƙarfin kama nono. Nas ɗin ta zauna bakin gadona ta koya mini tatsa, ana ɗura mata da ɗan ƙaramin kofi. Kakata ta ce a zubar da na farkon, dakashi ne, yana sa ciwo. Nas ɗin ta ce, "Iya, wannan ruwan ɗorawar shi ne rigakafinta na farko, ba mu da maganin da ya kai shi." Sannan ta kwantar mini da ita tsirara a ƙirji ta ɗaure mu da zane, ta ce ɗumin jikina ne zai raya ta. A garinmu mai haihuwar fari ko kallon jaririnta ba ta yi a gaban mutane, ga ni ɗaure da tawa dare da rana a gaban Inna. Na rasa inda zan sa idona. Amma a ƙarƙashin zanen nan ina jin bugun zuciyarta, kuma a nan na fara gane cewa tawa ce.

A asibitin akwai ɓangaren masu yoyon fitsari. Ina ganinsu suna zagaya tsakar gida, kowacce riƙe da ɗan bokitin da robarta ke zuba a ciki, suna ta shan ruwa kamar yadda aka umarce su. Da yawansu sa'o'ina ne. Wata ta ba ni labari: ta kwana da kwanaki tana naƙuda a gida, kan ɗan ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Ɗan bai zo da rai ba, mijin kuma ya aiko mata da takarda tun tana kwance. Ta leƙa cikin zanena ta ce, "Ke kin dace, taki tana numfashi." Daga baya na ji cewa akwai irin wannan wuri a Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, kuma ba su rabuwa da layi.

Da za a sallame mu aka ja mini kunne: kada in sha kanwa, in rage gishiri, in dawo a auna jini, kada in sake ɗaukar ciki sai bayan shekara 2, kuma duk haihuwar da zan yi nan gaba a asibiti ce saboda ɗinkin mahaifa. Na ce to. Amma wa zan faɗa wa? Muna isa gida Gwaggo ta dama kunun kanwa. Na ce an hana ni. Ta ce, "Uwarki ta sha, kakarki ta sha, ke ce za ki zo mana da sabon salo?" Da ciwon ya kame aka shiga wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har arba'in. Sai da na girma na ji cewa tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Gwaggo so take in yi ƙarfi, na sani. Abin da aka yi mata shi ta yi mini.

Ranar suna aka sa wa yarinyar sunan uwar mijina, ga ta kuma 'yar fari, sunan ya haramta a bakina ta fuska biyu. Mata suka cika gida, aka ci aka sha aka watse, aka bar ni da abin da ban iya ba. Ban san yadda ake riƙe ta a yi mata wanka ba. Ban san kukan yunwa da na ciwon ciki ba. Da daddare in an yi farin wata ina jin 'yan mata a dandali suna gaɗa, muryoyin da na sani ɗaya bayan ɗaya, ƙafata har motsi take yi. Wani dare yarinyar ta ƙi yin shiru, na ba ta nono ta ƙi, na jijjiga ta ta ƙi, sai na ajiye ta a tabarma na juya baya na fashe da kuka ni ma. Inna ta shigo cikin duhu, ba ta ce uffan ba, ta ɗauke ta ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida har asuba. Da gari ya waye ta wuce ni kamar ba abin da ya faru.

Na koma ɗakina. Na gaya wa mijina zancen tazarar haihuwa, kaina a ƙasa. Bai ƙi ba, amma ya ce sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa, ita kuwa ta ce ba a gidanta ba. Yarinyar ba ta shekara ba na sake samun ciki. Aka ce kwanika ce, nonona ya lalace, zai kashe ta. Rana ɗaya aka shafa mini ɗaci a nono aka ɗauke ta aka kai wa Inna. Ta hau gudawa, ta rame, gashinta ya yi ja ya fara zuba, ƙafafunta suka kumbura. A wani ƙaramin asibiti aka zagaya mata ma'auni a damtse ya nuna ja, aka ce tamowa ce, aka rinƙa ba mu abincin gyaɗar nan na cikin leda duk mako. Ma'aikaciyar ta ce mini mai ciki na iya ci gaba da shayarwa, nonon bai lalace ba, abinci kawai za ta ƙara. Da na san haka da 'yata ba ta sha wannan wahala ba.

Cikin na biyu na je awo, amma jinin ya sake hawa, kuma ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne. Ina da shekara 17. Daga nan zaman ya yi tsami. Aka fara cewa ni mace ce mai cin kuɗin mota da na magani. A 2014 ya ƙara aure, kafin shekarar ta fita ya ba ni takardata. Na zama bazawara ina da shekara 18, da tabon tiyata, da 'ya ɗaya a raye da ɗaya a ƙasa, ban iya karanta takardar sakin da ke hannuna ba.

Danginsa suka ce a ba su yarinyar tunda an yaye ta. A nan malamin Islamiyyar garinmu ya tsaya mini. Ya ce a mazhabar Malikiyya riƙon 'ya mace yana hannun uwa har ta yi aure, in uwar ta yi wani auren kuma riƙon ya koma wurin kaka ta wajen uwa, uba kuwa ciyarwa ce a kansa. Mutane da yawa a ƙauye ba su san wannan ba, al'ada suke bi suna zaton addini ne.

A 2015 na bi ƙanwar Inna zuwa Kano, unguwar Rimin Kebe. Na yi wanki da wanke-wanke a gidajen mutane, da yamma kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci na Hukumar Ilimin Manya, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Ajinmu cike yake da irina: zawarawa, masu goyo, 'yan shekara 17 da 'yan shekara 50 a benci ɗaya. Babu mai yi wa wata dariya. A nan na iya karatu da rubutu sosai, na koyi ɗinki, na sayi keke da adashi. Daga baya na yi aure da wani tela, na haifi biyu, duka a asibiti, duka da awo tun daga watannin farko, da maganin hawan jini a hannuna.

A birni na ga wata fuskar abin da ban sani ba a ƙauye. Akwai wata yarinya a layinmu, 'yar shekara 15, mai tallar awara a bakin tasha. Wani magidanci ya yaudare ta da kuɗin cinikin rana guda, ciki ya shiga, ya ce bai san zancen ba. Uwarta ta kulle ta a ɗaki, aka ce wa maƙwabta ta tafi ƙauye. Na shiga gidan karɓar ɗinki na hange ta ta labule, fuskarta a kumbure. Gabana ya faɗi, domin na san wannan fuskar. Na ce wa uwar, "Yaya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki ba ni ita in kai ta awo, ba wanda zai ji a bakina." Ta sa niƙabi muka tafi. Jininta ya haura 140 bisa 90, ma'aunin da daga shi ake cewa jini ya hau, nesa ba kusa ba, aka riƙe ta a ranar, kuma Allah ya sauke ta lafiya. Zina haramun ce, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma wanda ya yi cikin yana sahun gaba a masallaci babu mai nuna shi, yarinyar kuwa an bar ta ta mutu a ƙuryar ɗaki don kada a ji. Abin da ke cikinta kuma bai yi wa kowa laifi ba. Wannan rashin adalci yana ci mini rai har gobe.

Tun daga lokacin nake raka mata awo a unguwarmu, har aka sa ni cikin masu wayar da kai na ƙaramin asibitinmu. A wurin horo aka karanta mana sakamakon binciken lafiya na ƙasa na 2018: kashi 19 cikin 100 na 'yan matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A karkara kashi 27 ne, a birni kashi 8. A Legas kashi 1, a Bauchi kashi 41. A cikin waɗanda ba su yi makaranta ba kuwa, kashi 44. Aka kuma ce jijjiga ta fi kama mai cikin fari da mai ƙarancin shekaru. Ina zaune ina jin ana lissafa rayuwata da alƙaluma. Na ɗauka ƙaddarata ce ni kaɗai, ashe hanya ce da dubbai ke bi, kuma an san inda ramukanta suke.

Ina jin muhawara a rediyo kan shekarun aure. Wasu su kawo dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta ce sai 18, wasu su ce ba za a yi musu doka a kan 'ya'yansu ba. Ni ra'ayina a fili yake: a bar yarinya ta gama sakandare, ƙugunta ya buɗe, hankalinta ya zauna. Amma yayin da ake wannan ja-in-ja, akwai wadda tuni cikin yana jikinta, tana wani ƙauye ƙafarta a kumbure, kuma babu ɓangaren da ke zancenta. Abin da take bukata ba shi da tsada. A kai ta awo a auna jininta da fitsarinta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da Fansidar da gidan sauro da allurar sarƙe-haƙora. Miji in zai tafi ci-rani ya bar izini a bayyane cewa ko ba ya nan a kai ta asibiti, ya bar kuɗin mota a hannun wanda zai fitar da su. A san direban da za a tasa da tsakar dare, a san wanda zai ba da jini. Sannan wata babba ta zaunar da ita ta ce mata: in kin ga kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko duhun gani, ko jini, ko naƙuda ta wuce yini guda, ki buɗe baki ki yi magana, ba rashin kunya ba ne.

Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya a wurinmu. Bayan rasuwar Baba na je gida, muna zaune da Inna mu biyu muna tsintar wake, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Lokacin nan na ga fuskarki. Ƙanwata da haka ta tafi. Na kwana ban runtsa ba, na ce wa Gwaggonki ta duba ki, ta ce zaƙi ne. Na zo bakin ƙofarki na tsaya, bakina ya ƙi buɗuwa." Hawaye na zuba a kan waken. Ban ga laifinta ba, kuma har yanzu ban gani ba. Ita ma tana da shekara 15 ta haife ni, kuma abin da aka koya mata shi ne uwa ta gari ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Kunya ado ce, addini ma ya yabe ta. Amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu, kuma tambayoyin nasu har da na haila da wanka.

Don haka na karya wannan al'ada a kan 'yata. Sunanta dai ban iya faɗa ba, da laƙabi nake kiranta, amma ina zama da ita. Tun kafin ta fara al'ada na gaya mata abin da za ta gani da abin da za ta yi. Na nuna mata tabon da ke marata, na ce ta nan kika fito, ga kuma dalili. Na gaya mata yadda ciki ke shiga, da irin maganar da namiji zai yi mata a hanya, da cewa duk abin da ya faru ni za ta fara faɗa wa. Ranar farko muryata rawa take yi, ita kuma ta rufe fuska da hijabi. Yanzu ita ke zuwa da tambaya. Wasu 'yan'uwa sun ce na zubar da girmana, na mai da 'yar fari ƙawa. Na ji, kuma ban fasa ba.

Tana ƙaramar sakandare yanzu, a hannuna, da yardar Inna da ta mijina. Bara da sallah ta je gaida mahaifinta, ba a jima ba saƙo ya zo cewa wani ɗan yayansa ya gani yana so, kuma a garin an fara cewa ta isa. Ban aika kowa ba. Na ɗauki kawuna, wanda ya ba ni jini, muka je muka zauna da uban a zauren gidansu. Na ce, "Malam, 'yarka ce, kai ne waliyyinta, ban zo ƙwace maka iko ba. Amma ranar da aka haife ta kana Legas, kuma ba wanda ya taɓa ba ka labarin yadda aka yi." Na ba shi tun daga kumburin ƙafa har cokalin da aka cusa mini, har yarinyar nan mai bokiti. Kawu ya cike abin da ban gani da idona ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi abin da aka gaya masa kawai shi ne an yi aiki an samu mace.

Ya ce ya ji, amma ba shi da halin ɗaukar karatu, ga 'ya'ya bakwai a gabansa, kuma yana tsoron abin da birni ke yi wa 'yan mata. Na ce litattafai da kayan makaranta da kuɗin jarrabawa duk a kaina, tarbiyya kuma ya zo da kansa ya gani duk lokacin da ya so. Muka tsaya a kan sai ta gama aji 6 na sakandare, sannan a tambaye ta. Kawu ya ce a kira liman da yayansa su shaida, aka kira su, aka yi fatiha. Uwarsa ba ta amsa sallamata ba da zan tafi. Kuɗin zangon farko na wannan shekara na riga na biya, na biyun kuma ina zuba adashinsa duk Juma'a.